Yadda Na Ɗora wa Hussaina Ciwon Hassana

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ɗaliban jami'ar College Park suka cika mana falo a Upper Marlboro kamar yadda suka saba, don sun gano matata, Maman Tabita, ba ta iya girkin mutum biyu ba. Ana cikin shan gwate, faten nan na mutanen Jos, sai ɗayansu, mai karatun kwamfuta, ya ce, "Kawu Ishaya, wai da gaske aikinka gadin na'urar da ba ta zuwa ko'ina? Ai wannan ko ni zan iya, ina kwance." Suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, bakina cike yake da nama, ni kuwa ba na ɓata nama a kan gardama. Amma na ce zan ba su amsa a rubuce, ga ta nan.

A duniyar Mars akwai wata motar bincike, ba direba, ba fasinja, ba kwandasta. Masu tuƙa ta suna California, da saƙon rediyo suke juya ta. A cikinta akwai akwati da aka ƙera nan Maryland, a wani ɗakin gwaji arewa da College Park. Motar za ta ɗebi ƙasa ta zuba ta wata 'yar ƙofa mai murfi, akwatin ya gasa ƙasar, ya shinshina hayaƙin, ya faɗa wa masana abin da ke ciki. Akwatin biyu aka ƙera, iri ɗaya sak. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna. Na sa wa mai tafiyar suna Hassana, ta gida kuma Hussaina, har Turawan wurin suka kama sunayen. Duk umurnin da za a aika wa Hassana sai an gwada shi a jikin Hussaina tukuna, domin in abu ya lalace a can ba bakaniken da zai je. Ni ne mai kula da Hussaina.

Gyaran agogo da rediyo na koya, a wata rumfa kusa da kasuwar Tamina a Jos, wadda in ka miƙe hannu za ka taɓa bangonta duka huɗu. Da Maman Tabita ta samu aikin jinya a nan, na biyo ta riƙe da jaka. Muka kama ɗaki a Hyattsville, na shiga gyaran injin kwafin takardu, ina bin ofisoshi a jirgin ƙasa da tawada har gwiwar hannu, ina kuma zuwa aji. Daga nan wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni ya miƙa ni hannun wani dattijo, Mista Walter, wanda a iya sanina ya yi murmushi sau ɗaya a rayuwarsa, shi ma atishawa ce ta maƙale masa.

Aikina na farko a gabansa ɗaure ƙusa ne guda ɗaya, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa. Na ce a raina, ni da na buɗe agogon gwamna? Na ɗaure. Ya ce kwance. Na sake. Ya ce kwance. Ya miƙo mini wata sukurudireba mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas in an kai iyaka, ya ce hannuna ya saba da ɗaurin "ya isa," a nan kuwa ba wani ya isa, akwai daidai akwai shara. Na yi ta ɗaure ƙusar nan har ta fara gaishe ni da safe.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Hantsaki, madubin ƙara girma, ƙarfen narka dalma mai baki kamar allura, da wata igiya da ake ɗaura wa a wuyan hannu don kada wutar jikin mutum ta ƙona na'ura. Kafin ka shiga ɗakin sai ka sa farar riga tun daga kai har ƙafa, da safar hannu, da takunkumi, ido kawai a waje. Ba turare, ba man shafawa. Ni da fatata ke neman mai kamar ƙasar noma tana neman ruwa, na shekara ina zuwa aiki fari fat kamar an tono ni daga toka. Sai kuma babbar tukunya ta ƙarfe da ake sa Hussaina a ciki, a zuƙe iska, a kawo sanyin Mars. Sanyin Jos da muke taƙama da shi, a gaban wannan, ɗumin kicin ne.

Babban darasin ya zo ne bayan Hassana ta yi shekara biyu a can. Wata 'yar waya mai ɗumama wani bututu a jikinta ta mutu. Washegari Mista Walter ya miƙo mini almakashin waya, ya nuna mini irin wannan wayar a jikin Hussaina, lafiyayya garau, ya ce, "Yanke."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Shi ya sa."

Hannuna ya ƙi. Tun ina ɗan yaro abin da na sani shi ne a kawo mini matacce in tayar. Ya bar ni na tsaya har na gaji, sannan ya ce in Hussaina ta fi 'yar'uwarta lafiya to ta zama maƙaryaciya. Za mu gwada abu a jikinta ya yi kyau, mu aika, ya kashe ta can. Sai na tuna yadda ake yi wa tagwaye a gida, in ka saya wa ɗaya takalmi ka saya wa ɗayar, in ba haka ba kada ka yi tsammanin barci. Bambancin kawai, a nan har ciwo rabawa ake yi. Na yanke. Tun daga ranar sana'ata ta rabu biyu: in gyara abin da ya lalace a nan kaɗai, in kuma lalata abin da ya lalace a can, daidai yadda ya lalace, ba ƙari ba ragi. Na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Kowane sakarai zai iya fasa abu. Amma a ce ka fasa shi daidai da fasuwar wani abin da ba ka taɓa gani da idonka ba, wanda ke wata duniya, wannan sai an koya.

Kwastomomina masana duwatsu ne, mutanen kirki, amma ba su san kalmar gobe ba. Wani zai ga ɗan dutse a hoto, ya shigo da gudu gashinsa a tsaye, ya ce in ba a gasa wannan ba ilimin duniya ya tsaya. In ce masa Hussaina tana buƙatar kwanaki kafin ta huce daga gashin jiya. Ya dube ni kamar na zagi kakarsa. Bayan mako ya ga wani dutsen, ya manta da na farko.

Abin da ba wanda ya shirya masa shi ne Hassana ta ƙi mutuwa. 'Yan watanni aka ɗibar mata. Wallahi fankar da na saya a Tamina ta fi ta dogon garanti. Mutane har sun nemi wasu ayyukan, an sayi kek na bankwana. Watannin suka wuce, tana nan tana gasa ƙasa. Aka ƙara mata wa'adi, ta cinye. Aka sake ƙarawa. Lokacin da aka harba ta 'yata Tabita tana rarrafe, ga shi yau tana sace mini makullin mota. Ku kuna ganin abin murna ne kawai. Murna ce, amma ku tambayi mai kula da tsoho. Kamfanonin da suka ƙera kayan sun rufe ko sun koma yin wani abu. Kwamfutar da ke magana da Hussaina ta tsufa har in ta yi tari duk ɗakin ke riƙe numfashi. Mista Walter ya yi ritaya ya tafi kamun kifi, ya bar mini sukurudirebarsa da shirunsa, na riƙe ta farko kawai.

Muguwar shekarar ta fara ne da murfi. Murfin ƙofar da ake zuba ƙasa bai fi na gwangwanin madara ba, injin da ke juya shi kuma bai kai babban yatsana ba. Wata rana aka ce wa Hassana ta buɗe, murfin ya taho ya cije a hanya, ya yi nishi, da ƙyar aka samu ya koma ya rufe. Nan take manya suka hana a sake taɓa shi. In ya maƙale a buɗe, ƙura za ta cika akwatin, shi ke nan. In kuma aka bar shi a rufe, ba ƙasa, ba gashi, akwatin ya zama kaya kawai a bayan mota. A ƙarshen bazara kwamitin da ke yanke wa'adi zai zauna. Aka gaya mana a fili: in ba mu nuna hanyar buɗe murfin nan lami lafiya a jikin Hussaina ba, za a kashe akwatin, a rufe ɗakinmu, a raba mu.

Murfin Hussaina kuwa? Kamar sabon aure. Yana buɗewa yana rufewa ko sauti babu, don ta yi shekarunta a ɗaki mai tsabta ina lallaɓa ta.

Injiniyar da ke shugabantar aikin a lokacin Dakta Hadiza ce, 'yar Damagaram, wadda ta zo ta hanyar Faransa. Ranar da ta fara jin na kira na'ura Hussaina ta juyo ta ce, "Kai, wane ne Bahaushe a nan?" Na ce ba Bahaushe ba ne, ɗan Kagoro ne, amma zai yi maneji. Tun daga nan in muna son yin gulmar kwamiti sai mu juya harshe.

Abin da muke da shi na ciwon Hassana zane ne kawai a allon kwamfuta, layin da ke nuna yadda injin ke jan wuta. Na lafiyayye a miƙe yake. Na Hassana yana tafiya sai ya yi tozo a tsakiya kamar na raƙumi. Aikina in sa layin Hussaina ya yi wannan tozon.

Kowa ya ce ƙura ce, ni ma haka na ce. Muka kawo garin dutse mai laushi irin na can, na riƙa sa wa injin da bakin hantsaki, ƙwaya ƙwaya, kamar mai sa wa jariri gishiri a abinci. Layin ya yi ƙaiƙayi, ya yi haƙora, amma ba tozo. Muka ƙara. Ran nan injin ya yi wani ƙiii, ya tsaya, ya mutu murus. Muka buɗe kabad, saura guda ɗaya tak a cikin leda, wanda aka ajiye tun kafin a harba Hassana. Wanda ya ƙera shi ma ya rasu.

Dakta Hadiza ta dubi ledar ta ce, "Malam Ishaya, wannan shi ne autanmu. In ka kashe shi, ni da kaina zan kai ka filin jirgi."

Na ce, "Hajiya, in na kashe shi ba sai kin kai ni ba, a ƙafa zan tafi Kagoro."

Ta hana a taɓa shi, ta shige ofis ta rufe ƙofa. Mako guda ba ta cin komai sai burodi da baƙin shayi, tana bin bayanan direbobin California tun daga farko. Sai ga ta wata safiya ta tare ni ina sa farar riga, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Ta ce, "Bon. Kai a wane gefe kake kwana?"

Na ce, "Hajiya, da safen nan?"

"Amsa mini."

"Dama. In na juya hagu Maman Tabita ta ce ina minshari."

Ta ce, "To Hassana ma gefe ɗaya take kwana. Duk lokacin sanyi direbobi suna ajiye motar a gangare, ta karkata ta fuskanci rana don batir ya samu wuta. Shekara da shekaru, kullum gefe guda. Da rana giris, wato man cikin injin, ya yi laushi ya gangara, da sanyi ya daskare a inda ya tsaya. Gefe ɗaya ya tara, ɗayan ya bushe. Hussainarka kuwa tana zaune a miƙe kamar matar gwamna."

Na ƙera wata kujera ta ƙarfe mai karkata daidai gangaren da ta lissafa, na ɗaura autan inji, muka sa Hussaina a tukunya a gicciye. Sai ɗumamawa da sanyayawa, ranar Mars da darenta, muna matse su don su yi sauri, amma ba da yawa ba, kada giris ɗin ya ƙone ya ba mu wani ciwon daban. Kowace safiya in juya murfin sau ɗaya in duba layi. A miƙe. Gobe a miƙe. Jibi a miƙe, kamar titin Abuja.

A nan ne mai cewa zai iya aikin yana kwance zai gane kurensa. Ba abin da za ka yi sai ka zo, ka duba sanyi, ka duba iska, ka juya murfi, ka ga ba komai, ka dawo gobe. Abokan aiki suka fara kawo kwalaye suna kwashe hotunan 'ya'yansu daga tebur. Kamfaninmu ya kira ni ya ce akwai gurbi a wani sabon tauraron ɗan Adam, komai sabo fil, in zo kafin a ba wani. Na ce su ba wanin. Aka umurci Dakta Hadiza ta fara rubuta rahoton rufewa, ta ce to, ta buɗe shafi ta rubuta sunanta a sama, ta bar shi haka.

Maman Tabita ta ce, "Baban Tabita, ni ina asibiti ina fama in tayar da marasa lafiya, kai kana can kana roƙon Allah lafiyayya ta kwanta. Wane irin gida ne wannan?" Ran Lahadi fasto ya ce mai buƙatar addu'a ya ɗaga hannu. Nawa ya fara tashi, ta mintsine ni har sai da na rera waƙar da ba a fara ba. Ta raɗa mini, "Ka kuskura ka ce a yi addu'a Hussaina ta kamu da ciwo, ka ga yadda za mu ƙare da matan zumuntar coci."

Saura 'yan makonni kwamiti ya zauna, na juya murfin wata safiya sai na ji wani ɗan nishi ta jikin tukunyar. Na duba allo. Ɗan ƙaramin kumburi, kamar cizon sauro. Ban gaya wa kowa ba, kada in kore shi. Ya yi ta girma kullum. Ranar da Dakta Hadiza ta ɗora layin Hussaina a kan na Hassana suka haɗe suka zama layi ɗaya, na taka rawar Kagoro cikin farar riga da takunkumi, har na'urar auna ƙura ta ɗakin ta yi kuka. Wani Bature ya leƙo ya ce me ya faru, na ce, "Ta kamu! Ta kamu!" Ya ce ya taya ni baƙin ciki ko murna? Na ce duka biyu.

Samun ciwo rabin aiki ne, saura magani, kuma a jikin injin da ba shi da na biyu. Ƙara masa wuta ya tura da ƙarfi zai ƙona shi, wannan mun sani. Dakta Hadiza ta ce a karkata ta ɗaya gefen, a ɗumama da tsakar rana, giris ya ɗan dawo. Muka yi, tozon ya ragu amma bai tafi ba. Ni kuma na tuna yadda direbobin lori ke fita daga taɓo a hanyar Kafanchan da damina. Ba sa taka mai su tsaya a kai. Baya kaɗan, gaba kaɗan, baya, gaba, har motar ta haye. Na faɗa mata. Ta ce, "Lori ba shi da lissafi, amma bari in ba shi." Ta zauna ta fitar da iya nisan kowane ja da baya da iya wutar da injin zai ɗauka bai ƙone ba. Muka gwada. Murfin Hussaina ya yi baya, ya yi gaba, ya yi baya, ya haye tozon ya buɗe. Muka rufe, muka sake, muka sake, har manya suka gaji da kallo suka sa hannu.

Direbobin California suka ɗauki kwanaki suna lallaɓa tsohuwar mota zuwa wani gangare mai kallon ɗaya gefen. Aka bar ta ta sha rana. Sannan aka aika umurnin da safe, sau ɗaya tak aka yarda mu gwada. Amsa ba ta zuwa nan take, sai wani tauraron ɗan Adam ya bi ta samanta ya karɓo. Muka zauna a ɗakin taro har bayan azahar, da masanan duwatsu, da mutum biyu daga kwamiti, da kwalayen da aka riga aka ɗaure.

Layin ne ya fara zuwa. Baya, gaba, baya, gaba, ya hau tozon, ya tsaya a ƙoli, sannan ya gangara. Sai hoton. Murfin a buɗe, ba duka ba, ya tsaya saura kaɗan, amma ƙofar ta isa a zuba ƙasa. Hoto na biyu, ya koma ya rufe ruf. Ɗakin ya fashe. Wani masani mai furfura ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ni da nake da nauyin buhun masara biyu. Ɗaya daga cikin mutanen kwamitin ya ce wa Dakta Hadiza ta manta da rahoton rufewa, ta kawo na neman ƙarin wa'adi.

Ana yanka kek, na kai hannu ke nan, sai Dakta Hadiza ta matso da hoton a wayarta.

Ta ce, "Malam Ishaya, murfin Hussaina har ina yake buɗewa?"

Na ce, "Har ƙarshe, Hajiya. Lafiya lau."

Ta ce, "To ya yi yawa. Gobe masu duwatsu za su so zuba ƙasa, kuma ta wannan ƙofar za a gwada."

Na dubi kek, na dubi hoton. Na ce wa masanin nan mai furfura ya ajiye mini gefen da ya fi sukari, in ya ci zan sani. Na sauka ƙasa, na wanke hannu, na sa farar riga, in je in sa murfin Hussaina ya tsaya inda na Hassana ya tsaya.